Hannun da Aka Aza Mini

Ni ne sakaran wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin jikoki su riga ni.

Lokacin Turawa ba su daɗe da raba mu da Ƙonni ba, aka kawo wani akawu kan iyaka a Illela, mutumin Lakwaja, Kirista ɗan cocin Angalika. Ba shi da coci ba shi da jama'a. Ran Lahadi shi ne liman shi ne mamu, ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa don ya koya mini baƙaƙen boko. A nan na ji wa'azin da ya fi so: wai kowane bishop nasu, wato babban limamin coci, sai da wani bishop ya aza masa hannu a ka, shi ma wani ya aza masa, haka har a kai ga sahabban Annabi Isa. Yana faɗa yana lumshe ido, kamar mai lissafa dangin da ya baro gida.

Da aka tashi mayar da shi kudu, ya ce zai tafi da ni makaranta. Mahaifina ya ce maganar tana hannun kakata, Inna Hajo.

Bayan isha'i takan tara mu a gindin murhu. Shekarar nan ta gaji ƙwarai, tatsuniya ɗaya sai ta huta a tsakiya. Na ga dama ta samu. Na miƙe na kwashe wa'azin akawu kaf na zuba mata, har na dafa kan ƙanena don ta ga yadda ake yi. Na ce mutane masu asali irin wannan zan bi, ba masu tatsuniyar da ba a san wanda ya fara ta ba.

Ta gyara itace, ko buɗewar tatsuniya da aka saba ba ta yi ba, ta ce wani duma ne ya haye kuka har ƙololuwa, yana leƙo 'yan'uwansa yana cewa saiwar kuka tasa ce. Ran nan akuya ta zo wucewa ta tsinke ɗan tushensa a ƙasa. Ya bushe a can sama, kuka ba ta ma san an yi ba.

Akawu ya tafi shi kaɗai, bokona ya tsaya inda ya tsaya. Na daɗe ina jin haushinta. Sai da tsufa ya kama ni na lura ko sau ɗaya ba ta zagi mutumin ba, ita da ke aika masa kunu in zazzaɓi ya kayar da shi. Da ni take.

Don a daren tatsuniyar duman nan ban yi shiru ba. Na ce to ni ma sai a aza mini hannun in na je.

Ta dube ni ta ce, “Maigidana, zamna. Shi akawu ya san wanda ya aza mai. Kai tun da aka haihe ka hannu guda aka taɓa aza ma ga kai, nawa ne, kuma ƙwarƙwata nika nema.”