Ma'auni a Saman Tudu

A ofishin ruwa akwai wata injiniya gajeruwa, tabarau yana goshinta tana laluben sa a jaka. Kafin ta saki ruwan gwaji a kwamfuta, tana bin zanen bututun unguwa tana dasa ma'auni, don ta ga inda ƙarfin ruwan zai ƙare.

"Yaya, duk wannan shiri don ruwan da ko tsumma ba ya jiƙawa?" in ji abokin aikinta.

"Shi zai ce a haƙa ko a fasa, ƙanena."

Ma'aunin ƙarshe ta kai shi saman tudu, inda famfo bai taɓa ɗiga ba. Yadda take riƙe wuya cak, ka san ta sha dakon bokiti tana yarinya. Ta yi bisimilla ta danna, idonta na kan tudun nan kaɗai.