Farfelar Baba

Har yau ba na cin abincin da aka dafa a babbar tukunyar gidanmu na Gaya. Matan gidan sun ce girman kai ne. Su yi ta faɗa.

Mahaifinmu bakaniken jiragen feshi ne, ƙananan nan da ake turowa idan tsuntsayen jan-baki sun sauka a kan gero da dawa. Ya yi shekaru yana kwance su yana ɗaurawa, amma bai taɓa tashi a ko ɗaya ba, don kujera ɗaya ce a ciki, ta matuƙi. Da ya bar aiki ya dawo gida noma, abin da ya zo da shi fiffike ɗaya ne na farfela, wanda bakinsa ya ɗan lanƙwashe aka cire shi. Tsawonsa ya kai ƙirjin namiji. A kusurwar ɗakinsa ya jingine shi, kuma duk Juma'a sai ya goge shi da tsumma kafin ya goge takalminsa.

'Yan'uwana maza da sun ga Baba ya kalli kusurwar nan sai su tuna da wani aiki a waje. Ni ce mai zama. A bakinsa na ji tarihin kamfanin da ya ƙera jirgin. Ya ce wanda ya kafa shi matuƙi ne a wata ƙasa mai nisa, da ya gaji da binne abokansa, saboda a wancan lokacin, da tsofaffin jiragen yaƙi ake yin feshi, waɗanda ba don gona aka yi su ba. Jirginsa na farko da katako da yadi ya haɗa shi. Na biyu ya sa bututun ƙarfe. A na uku ne ya mai da kujerar matuƙi can baya, tankin magani a gaba, don in an faɗi tanki ya sha dukan, mutum ya fito da ƙafarsa. Wannan na ukun shi ne na Baba. Daga baya aka sayar da kamfanin, masu sayen suka rufe shi.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "yanzu ko me za ki bayar ba za a ƙera miki irin wannan ba."

Da yanar ido ta rufe masa gani aka yi masa aiki, sai na ɗauko shi zuwa gidan aurena a Ajingi don ya huta. A makonnin nan ne Yaya, babban wanmu, yake shirin aurar da 'yarsa ta fari. Gidanmu ba mu da tukunyar taro, kullum aro muke yi a maƙwabta, kuma a wani suna da aka yi matar maƙwabcin ta yar da magana a gaban mutane. Yaya ya rantse ba za a sake aro ba. Ni kuwa, ni da bakina, na taɓa yi wa matarsa alfahari cewa farfelar Baba alminiyam ce mai kyau, ba ta san tsatsa ba. Wannan maganar tawa ita ce ta kai farfelar wurin mai zubin tukwane.

Ana gobe ɗaurin aure muka shigo Gaya cikin a-daidaita-sahu. Tun daga Ajingi Baba yake ce mini akwai wasu ƙananan lambobi a gindin fiffiken, ya yi shekaru sai dai ya shafa su da yatsa, yau zai karanta su da idonsa. Yana ta murmushi kamar shi ne angon.

Ya shiga ɗaki, na bi shi da jakarsa. Kusurwar wayam, sai dogon tabo a jikin bango inda farar ƙasa ba ta dushe ba.

Na fito na sami Yaya a zaure ana lissafa masa tabarmi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Yaya, ina farfelar Baba?"

"Ke, yi a hankali, akwai baƙi. Ƙarfe ne fa yana tsaye ba ya aikin komai. Yanzu ga shi zai ciyar da mutane."

"Ka tambaye shi?"

"Da na tambaya ai ba zai yarda ba."

Wato ya sani. Ya jira sai da tsoho ya kwanta da auduga a ido a wani gari, sannan ya shiga ɗakinsa. Na faɗa masa haka, na faɗa masa abin da ya fi haka, har baƙin suka fara neman takalmansu.

Can sai ga Baba. Ya fito tsakar gida, inda aka wanke sabuwar tukunyar aka jingine ta tana shan rana, mata suna ta yaba girmanta. Suka matsa masa. Ya durƙusa ya zagaye ta da ido a hankali, na san lambobin yake nema. Sannan ya ƙwanƙwasa bakinta da zobensa, ya karkata kunne.

"Sun haɗa shi da gwangwanin lemo," ya ce.

Washegari aka kai masa shinkafar biki, ya ci don kada a ce ya kunyata ɗansa, ya sa wa amarya albarka. Ni na ture kwanona.

Na ƙara kwana biyu a gidan. Ranar Juma'a na kai masa ruwan alwala, na tarar ya ɗauko tsumman yana tsaye a gaban tabon bangon. Da ya ji motsina sai ya sunkuya ya fara goge takalminsa.