Takardar da Ta Kwana a Andarai

Cikin ranakun aikina kaf, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na ƙunsa wa mutane magani da asirin 'yan'uwansu. Ku da ke ɗakin magani yanzu kuna yi mini dariya in na ce ku kife takarda kafin ku kira na gaba. To ku matso ku ji dalili.

Lokacin ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba. Ina aikin atanda a wani ƙaramin asibiti nan Jega, wato shara, wanke kwalabe da ƙunsa ƙwayoyi. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Ina iya haɗa suna in an rubuta shi manya-manya, shi ke nan. Shugabana Malam Umaru ne, mai harhaɗa magunguna, wanda kowa ke kira Famasi. Na girme shi, don haka Yaya Kulu yake ce mini.

Ga yadda aikin yake. Likita zai rubuta takarda da sunan majinyaci, garinsu, lambar katinsa, ciwonsa da maganinsa. Malam Umaru ya ƙirga ƙwayoyi, ni in ƙunsa, ya sa hannu ya soke takardar a ƙusa. Kafin a tashi sai ya shigar da kowace a babban littafi. Ƙarshen wata a ɗaure su da zare a kulle a kabad, makulli a aljihunsa.

A makon nan 'yan ambulan ɗin da muke zuba ƙwayoyi sunka ƙare, sababbi ba su iso ba. Kabad kuma gara ta ci bayansa, an fitar da shi wurin kafinta. Ranar kasuwar Jega na zo da sassafe ina shara, sai na ga ɗaurin takardu a ƙasan tebur. Na ce a raina, ga shara mai amfani. Na kwance ɗauri ɗaya na zauna na ninke su 'yan aljihu-aljihu, rubutu a ciki, fari a waje, irin yadda muke ƙunsa yaji a gida. Wallahi har daɗi nake ji. Malam Umaru ya shigo ya tarar da layi har bakin ƙofa, ya ga ƙunshi fari tas, ya ce, "Yaya Kulu, Allah shi yi miki albarka." Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Kunnena ne ya cece mu. Wajen azahar ina jin hirar masu jira ta taga, sai na ji wata tsohuwa ta roƙi wani mai karatu ya duba mata ƙunshinta. Na ji ƙarar warware takarda, na ji ya ce, "Inna, ai wanga ba sunanki ba ne. Na wani mutumin Sarandosa ne."

Na fita da gudu na karɓe takardar, na koma na faɗa wa Malam Umaru komai. Ya ajiye cokalin ƙirga a hankali, ya rufe taga.

"Guda nawa kinka ninke?"

"Ban ƙirga ba, ranka shi daɗe."

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya buɗe babban littafi ya jera sauran takardun ɗaurin yana bin lamba. Ashirin da ɗaya babu. Ya zaro na ranar daga ƙusa, ya rubuta sunan duk wanda munka ba magani tun safe da garinsu. Ya koma kan babban littafin, da yatsansa ya kai wani layi sai ya tsaya.

"Yaya Kulu, cikin waɗanda sunka fita akwai ta wani mahauci na kasuwar nan. Tarin fuka ya yi. Ya bar fawa wata da watanni yana shan magani, ya warke, makon jiya likita ya ce shi koma. In takardar nan ta shiga kasuwa, ko kare ba ya sake sayen namansa. Mutum tara ke ci a gidansa."

Na ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Wannan ba naki ba ne."

Ba mu san hannun wa takardar mahaucin ta faɗa ba, dole a karɓo duka. Ya yayyaga sabon littafin rubutu munka yi ƙunshi mai tsabta. Shi ya hau babur ya nufi tasha da kasuwa wurin maza, ni na bi gidajen matan aure inda ba ya iya shiga. Abin da ya ce in faɗa gaskiya ce tsagwaronta: mun yi kuskuren ƙunshi, ga sabo, a ba mu tsoho. Kafin la'asar mun haɗa sha takwas. Ya bi motar Aliero ya karɓo ɗaya daga wani mai albasa, ya biya Katanga ya samo ɗaya. Duk wadda ta dawo sai ya duba ya girgiza kai. Ta mahaucin ba ta ciki. Saura guda, wadda munka ba wata dattijuwa, Inna Ige, daga Andarai ta ƙasar Maiyama.

Ni fa mace ce ta gida. Daga ɗakina sai asibiti, ko biki sai an ja ni. Amma washegari tun da hantsi ina bayan akori-kura tsakanin buhunan gero, mai gidana ya yarje mini da ƙyar. Na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan.

Inna Ige ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura. Ƙwayoyin ta juye su a gwangwani. Takardar kuwa, kun san mutanenmu ba su yar da abu mai rubutu ƙasa, ta soke ta a jinkar ɗaki. Ina hango gefenta.

"A'a ɗiyata, wagga ba ni ba da ta," in ji ta. "Rubutun likita ne. Ɗana malamin makaranta ne a Jega, yau shina tahe. Shi zai karanta mini in ji mi likita ya gani a jikina."

Malamin makaranta, a Jega! Na yi mata daɗin baki, na yabi furarta, na tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai akwai baki kamar 'yar roƙo, amma takarda tana nan." Da na ga wayo ya ƙare sai na faɗa mata gaskiya.

"Inna, ba ciwonki ne a ciki ba. Na wani bawan Allah ne, ni na yi wautar ƙunsa miki da shi. Da naki ne ke soke a jinkar wata, ana jiran mai karantawa, ya za ki ji?"

Sai ta miƙe tana dafa gwiwa, ta zaro takardar, ta ƙulle mini ita a bakin zanena da hannunta. "Tahi da ita tun bai iso ba. In ya tambaya, akuya ta cinye."

A mota na kwance don in tabbata ita ce. Sunan an rubuta shi manya-manya, idona ya haɗa shi kafin in hana shi. Na san mutumin. Wurinsa nake sayen nama.

Malam Umaru ya karɓa, ya duba lamba, ya yi hamdala. Ya kalle ni ya ce, "Kin gani?" Na ce na gani. Ya ce, "To yanzu ke ma kabad ce."

Da kansa ya rubuta rahoto ga babban likita, ya ce shi ya bar ɗauri a ƙasa ba kulle, kuma bai taɓa zaunar da ni ya bayyana mini darajar takardun ba. Shi anka ba takardar gargaɗi, ni anka yi wa faɗa da baki. Da ya so, da ranar nan aikina ya ƙare ina da 'ya'ya biyar. Allah shi jiƙan Malam Umaru, shi jiƙan Inna Ige.

Abin da na koya, mutanenmu suna miƙo mana ta tagar nan abin da ba su iya faɗa wa uwar da ta haife su, kuma ba su taɓa cewa mu rantse ba. Rubutun nan da nake gani kamar wahalar banza, shi ya nuna mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Mahaucin ya koma fawarsa. Shekara da shekaru ina tsayawa gabansa, yana tsokanata wai na cika son gyara, ina ce masa wuƙarsa ta fi shi rowa. Ya aurar da 'ya'yansa, ya tsufa, ya rasu bai san takardarsa ta taɓa fita asibiti ba. Kun san ni da surutu, ba abin da ke kwana a cikina. Amma sunan nan, mai gidana ma har ya koma ga Allah bai ji shi a bakina ba, ku ma kada ku tambaya.