Lambar da Aka Nema a Waya

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta wata Laraba da na je aiki wani ƙaramin asibitin mata a Tarauni. Lokacin ban daɗe da fara sana'ar haɗa kwamfutoci ba, ina zaune a Gyadi-Gyadi.

Likitar da ke da asibitin, wata Hajiya marar yawan magana, ita ta kira ni in tsare musu hanyar shiga kwamfutocinsu. Duk ma'aikatan da kalmar sirri ɗaya suke shiga. A ciki kuwa akwai sakamakon gwaje-gwajen matan unguwa, abin da wata ko mijinta ba ta gaya wa ba. Na ba kowa tasa kalmar, na kuma saita cewa duk mai shiga sai an turo masa lamba a waya ya saka. Hajiya ce kaɗai ta ce in bar mata tsohuwar, ta saba da ita.

Bayan azahar muna zaune a ofishinta sai lamba ta shigo wayarta.

"Kai ne kake gwadawa?" ta tambaye ni.

Na ce ba ni ba ne. Wata ta sake shigowa, sannan wata. Nan na gane. Wani ne a waje yake riƙe da tsohuwar kalmar, yana neman shiga a daidai lokacin.

Sai aka kira. Wani mutum ne, ya gaishe ta cikin ladabi, ya ce daga kamfanin intanet yake, ta karanto masa lambar. Har ta fara, na karɓe wayar na ce:

"Malam, ba za a ba ka ba."

Mutumin ya ce a hankali, "Kai ne mai gyaran nan na Gyadi-Gyadi ko? Ka gaida gida." Ya kashe.

Nan take na sauya kalmar Hajiya. Da na bincika, na ga mutumin ya daɗe yana shiga yana fita. Hajiya ta dafe kai, ta ce, "Matan nan amana suka ba ni."

Ba mu taɓa gano shi ba. Na jima ina sauya hanyar komawa gida, ina waiwaye duk sanda babur ya rage gudu a bayana.

Tun ranar na fahimci ba na'ura nake tsarewa ba, asirin mutane ne. Yanzu ko wa ya roƙe ni in bar masa tsohuwar kalma, haƙuri nake ba shi.