Mintsinin Malam Sabitu

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Malam Sabitu, ma'aikacin asibiti a Gashuwa, ya san halinsa. Kana miƙa hannu zai mintsini fatar bayan hannunka, ya saki, ya zuba mata ido. Ango ma bai tsira ba ranar ɗaurin aurensa. Samarin gari suka sa masa suna Ƙaguwa.

Ɗan Nguru ne, jikan fataken Haɗeja. An koya masa allura da ɗaurin ciwo, amma ba wanda ya koya masa yadda ake zaɓen mutum ɗaya cikin arba'in.

Wata damina, wajen 1986, kogi ya cika ya malala cikin rijiyoyi, amai da gudawa ya ɓarke. Ɗakunan asibiti suka cika, aka shimfiɗa mutane ƙarƙashin bishiyoyin maina. Ruwan da ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya saura leda ɗaya, sauran suna Nguru, hanya kuma ta yanke.

Babakura mahauci, ƙato guda, yana ta birgima: "Likita, na mutu! Wallahi na mutu!"

Can gefe wata Bafulatana, Hajjo, da aka kawo daga Jakusko, tana jingine da bishiya, ta ja zane ta rufe ƙafafunta.

"Inna, yaya jiki?"

"Da sauƙi, likita. Je ka wurin mai kukan."

Ya tafi, ya sa wa Babakura ledar. Ashe mai ƙarfin ihu irin wannan, ruwan gishiri da sukari a kofi ma ya ishe shi.

Da la'asar ya dawo ya kama hannun Hajjo. Fatar da ya ja ta tsaya cak kamar ninkin tsumma, ta ƙi komawa, alamar ruwan jikinta ya ƙare. Kafin magariba ta cika.

"Don me ba ta faɗa ba?" ya tambayi mijinta, Bubayero.

Bubayero ya dubi ƙasa. "Mu ba ma raki a gaban baƙo."

Babakura ya warke har da tumbi. Duk sallah yana aiko da cinyar rago, Sabitu yana bayarwa sadaka, bai taɓa ɗanɗanawa ba. Sabon ma'aikaci in ya zo, abu ɗaya yake fara gaya masa: "Ran da marasa lafiya suka yi maka yawa, fara da wanda ya yi shiru."

Har gobe in ka ce masa "lafiya lau", ba ya amsawa sai ya ga fatar ta kwanta.