Idon Ruwan Layashi

Maƙwabcina Layashi ya shekara talatin yana jan tsohuwar Marsandi tsakanin Wad Law da ke bakin teku da ƙauyenmu na kan dutse, kuma bai taɓa yarda da fasinjan da ba shi da kaya ba. Mai buhun gari an san inda ya dosa. 'Yan birnin nan masu jakar goyo da sanda, da ke hawa dutse da safe su sauko hannu rabbana, su suka hana shi sakat.

"Mutum ya sha wannan wahala don kallon duwatsu? Haba! Ruwanmu suke nema, su ja bututu zuwa otal-otal," in ji shi.

Muna da idon ruwa a ɓoye bayan itatuwan ɓaure, shi ke shayar da gonakinmu. Da ya ga an ɗiɗɗiga jan fenti a duwatsun hanyar ƙafa, sai ya ɗebi farar ƙasar da matarsa ke shafe bango, ya bi alamun ya shafe kaf. Na ce masa alamar hanya ce kawai. Ya ce ni ma ya fara zargina.

Wata Asabar ya kai 'yan birni huɗu bakin hanyar ƙafar, a kan zai kwaso su da la'asar. Hazo ya taso daga teku. La'asar ta wuce, shiru. Ya danna ham har ya gaji. Ya san abin da ya aikata, ya hau da ƙafa.

Ya same su a bakin kwazazzabo, gorunansu wayam, wata mata a cikinsu ko tsayuwa ba ta iyawa.

"Baba, ruwa," in ji ta.

Zuwa mota tafiyar awa biyu ce. Idon ruwan kuwa taku ɗari. Layashi ya juya wajen itatuwan ɓauren.

"Ku biyo ni. Wanda ya ciro waya, wallahi nan zan bar shi."

Matar ta sha ta farfaɗo. "Kai, ruwan nan da daɗi! Da rani ma ba ya ƙafewa?"

"Ƙafewa yake ƙarƙaf, 'yata. Kuma yana sa gudawa."

Washegari ya sayo jan fenti ya maido da alamun, manya-manya, kada wani ya sake ɓacewa ta wajen idon ruwan. Shekara uku ke nan ba wanda ya zo jan ruwan. Amma tambayar matar nan ta tsaya masa a rai. Duk motar da ta wuce ɗauke da bututu, sai Layashi ya bi ta, da fasinjojinsa da komai, ya ga inda za ta sauke.