Shekarun ɗiyata ta fari

Ɗiyata ta fari doguwa ce. Dangin ubanta ta biyo, waɗanda sai sun sunkuya suke shiga ɗaki. A lokacin da nake ba da labari shekararta huɗu da ƴan watanni, amma in ta tsaya cikin tsararrakinta sai ka ce yayarsu ce aka aiko ta kira su gida.

A likitar da muke zuwa, wato asibitin da ke kan hanyar Filinge, yaron da bai cika shekara biyar ba ana duba shi a ba shi magani kyauta. Ita kuwa a gida na haife ta, ba ta da takardar haihuwa. Karnen rigakafinta ma, wato katin likita, gara ta cinye shi tare da gindin akwatina. Ran da na kai ta tana tari, mutumin da ke rubuta sunaye a bakin ƙofa ya dube ta sama da ƙasa, ya ce ta ɗora hannun dama bisa kai ta kamo kunnen hagu. Ta ɗauka wasa ne, ta kamo tana dariya.

Ya ce, "Wagga ta wuce biyar."

Na san ba ta wuce ba. Amma na ji kunyar gardama, ga mata a layi bayana. Na ja hannunta muka dawo, aka yi mata jiƙo, Allah ya sa tarin ya tafi. Tsoron ne bai tafi ba. Damina na matsowa, kuma a daminar da ta wuce masassara ta kama yarinyar nan har idanunta suka juye. Ubanta yana bakin teku wajen cin rani. Abin da ya rage a rumbu na ci ne. Ina daka ina tunanin abin, ina jan ruwa ina tunaninsa, har uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta ce na fara ramewa kamar wadda aka yi wa baki.

Ana cikin haka wata mata ta zo daga Yamai, da jaka a kafaɗa da takardu. Mai gari ya sa aka tara mata ƙarƙashin gawon da ke bayan masallaci. Hausarta irin ta wadda ta tashi da Zabarmanci ce, amma ana jin ta sarai. Ta ce ba gwamnati ta aiko ta ba, karatu take a jami'a, kuma abin da take bincike shi ne: tun da an ce maganin yara kyauta ne, su wa yake kaiwa gare su, su wa ba ya kaiwa, kuma don me.

Ta fara tambaya. Kuna kai yara likita? Muna kaiwa, Malama. Ana karɓarku da kyau? Lahiya lau, Malama, alhamdu lillahi. Haka kowace ta amsa. Mu a Kurfai ba a tarbar baƙo da kuka. Wata tsohuwa ma ta raɗa mana cewa in muka yi ƙorafi, kyautar ce za a janye gaba ɗaya.

Ni ina gefe da ƙanenta goye a baya, ina kallon hannun Malama. Lakkwal, wato makarantar boko, aji uku na yi, amma lamba ina gane ta ko a juye. Na lura duk yaron da aka ce shida ko bakwai, sai ta ja layi ta wuce, ba ta ƙara tambayar komai a kansa. Wanda aka ce uku ko huɗu, shi take tsayawa a kai.

Aka zo kanmu. Malama ta nuna ɗiyata ta ce, "Wannan fa, shekararta nawa?"

Ɗiyar fari ce. A wajenmu uwa ba ta magana a kan ɗan fari gaban mutane, ko sunansa ba ta kamawa, balle gaban uwar miji. Don haka Inna ce ta amsa, tana alfahari da jikarta.

"Shida. Ko ma bakwai. Ke dube ta, irinmu ta, ba mu da gajere."

Na ga bakin biro ya sauka zai ja layi. Ban san sa'ad da magana ta fita ba.

"Huɗu ta."

Sai aka fashe da dariya. Wata ta tafa hannu ta ce, "Yau mun ga zamani! Uwar ɗiyar fari ta yi magana." Wata ta ce, "Saura ki kira mana sunan, mu ji daɗinshi." Inna ta juyo ta dube ni, irin kallon da na san zan gamu da shi a gida. Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Amma na riga na faɗa.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƴar'uwa, yaya kika sani? Kina da takarda?"

Na ce babu. Ta ce to da me za ta kama?

A nan wani abu ya faɗo mini. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, tana zaune kusa da ɗanta. Shi a likita aka haife shi, don haihuwar ta zo mata da wuya, kuma yana da takarda. Da aka dawo da su gida nononta bai kawo ba. Yaron ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe, sai aka miƙo mini shi ta kan katanga na shayar da shi kwana biyu. A lokacin ina cikin jego, tawa ko suna ba a yi mata ba.

Na faɗi wannan, kaina a ƙasa. Na ce, "A tambayi kowa. Tare sunka sha. Har liman anka gaya wa, don kada wata rana a yi kuskuren haɗa su aure."

Wannan kam ba wanda ya manta. Shekara ana iya mantawa, amma wanda ya sha nonon wa, duk gari na riƙe da shi. Tsofaffi suka fara gyaɗa kai. Maƙwabciyata ta ce, "Wallahi haka anka yi. Ran Alhamis anka yi sunanta, nashi Lahadin da ta biyo." Ta tashi ta je gida ta ɗauko takardar cikin leda. Malama ta duba ta ƙirga da yatsu, ta ce yaron shekararsa huɗu da wata biyar.

Inna ta ce, "To ai ni tsawonta nika hwaɗi." Aka sake dariya, amma wannan karon ba a kaina ba.

Malama ta rufe takardunta ta ce, "Ke nan duk waɗanda na tsallake sai na sake duba su. Ke kin san na sauran yaran?"

Na sani. Ni mutum ce mai yawan tsoro, kuma mai tsoro ba ya barin abu ya wuce shi. Na san wadda ta haihu ana shuka, da wadda naƙuda ta kama ana ɗaurin damman hatsi, da wadda muka yi wankan jego tare da ita itace na ƙaranci. Kwana biyu muna zagaya gidaje ni da Malama. Mukan kama yaro mai takarda, sai in ce wannan ya girme shi da wata ɗaya, wancan kuwa an yi sunansa wannan yana rarrafe. Iyayen su yi gardama, a kira wata tsohuwa ta raba. Wani wuri na yi kuskure aka gyara mini. Muka tarar ba ɗiyata kaɗai ba ce. Akwai yaran da iyayensu suka daina kai su likita tun ran da aka ce sun wuce, kuma ba wadda ta faɗi haka ƙarƙashin gawo.

Ranar ƙarshe na yi ƙarfin hali na ce ta rubuta mini takarda in kai likita. Ta ce ba ta da wannan iko. Ita rubutu kawai take, kuma kafin abin da ta rubuta ya kai kunnen manya sai an jima. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata, ashe wahalar banza na yi, ga kuma Inna kwana biyu tana amsa gaisuwata da ƙyar.

Sai ta ce, "Gobe zan je in yi hira da majo, shugaban likitar. Ba zan roƙa miki ba. Amma in kin zo, zan ce ya saurare ki. Ke za ki faɗa da bakinki."

Da safe na shirya, na kira maƙwabciyata da ɗanta da takardarsa. Muna fita sai ga Inna ta yafa mayafinta na zuwa suna.

Ta ce, "Mi kike kallo? Wa za ya yarda da maganar uwa bisa ɗiyar fari? Mu tahi."

A ofishin majo na tsaya gabansa. Malama ta zauna gefe ta bar ni da shi. Na fara a hankali, tun daga haihuwa har kan katanga. Majo ya duba takardar yaron, ya dubi yaran biyu, namijin ya kai wa tawa kafaɗa kawai.

Ya ce wa Inna, "Tsohuwa, ke shaida ce?"

Ta ce, "Ni na amso yaron bisa katanga, na miƙa mata da hannuna. In ƙarya ta, a kama ni."

Ya yi murmushi ya ce shi ma garinsu haka ake. Ya jawo sabon karne, ya rubuta sunan ɗiyata da wata da shekara, ya buga tambari. Ya ce in ubanta ya dawo mu je ofishin magajin gari a nema mata takardar haihuwa, kada mu tsaya a nan. Ya kuma ce sauran yaran a zo da su, kowa da shaidarsa.

Ban taɓa ganin littafin da Malama ta ce za ta rubuta ba, ban ma san ko ta gama shi ba. Na dai san da ta tashi tafiya ta ce daga yanzu duk garin da ta shiga sai ta fara neman mace irina kafin ta rubuta shekarun kowa. Ta faɗi haka gaban mai gari, kuma ban rufe fuska ba.

Masassarar ta zo ana noma na biyu. Da hantsi na ji jikin yarinyar ya yi zafi, ban jira kowa ba, na goya ta duk da tsawonta, ƙafafunta na bugun cinyoyina. Aka duba karne, aka ɗibi jini a yatsa, aka ba mu ƙwayoyi na kwana uku. Kafin azahar mun dawo. A rana ta uku ta tashi da kanta ta ce fura take so, kuma ba da cokali ba, ita za ta riƙe ƙwaryar.